Ƙudan Zuma, Masu Zane da Maƙeran Tagulla

Ran Laraba ita ce babbar ranar kasuwar Nima, daga Mamobi kuwa tafiyar ƙafa ce. A can nakan sayi zuma wurin wani dattijo wanda yake kawo ta daga arewa cikin jarkoki, yana ɗura wa mutane a kwalabe. A zuwansa na baya na yi masa ƙorafin tsada. Ya ce, "Malam, ba laifina ba ne. Amyoyin da na ɗaura bana, fiye da rabi zuma ba ta shiga ba." A makon nan kuma sai wani yaro daga cikin waɗanda nake koya wa ya nuna mini hoton wani babban gini na ƙarfe a wayarsa, ya ce wai Turawa ne suka yi shi domin tunawa da ƙudan zuma da suke ɓacewa. Waɗannan abu biyu su suka sa na bi sawun labarin, ga kuwa abin da na samu.

A watan Nuwamba na 2006 wani mai kiwon zuma na Amurka, sunansa David Hackenberg, ya tafi duba amyoyinsa wajen 400 da ya ajiye a jihar Fulorida. Ya buɗe ya tarar galibinsu ba kowa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ga zuma cikin saƙa, ga 'ya'ya ba su ƙyanƙyashe ba, ga uwar gidan tana nan (ita ce mu muke ce wa sarkin zuma, ko da yake mace ce), amma ma'aikatan duka sun tafi. Ba gawa a ƙasa, ba gawa a bakin amya. Kafin a jima sai aka ji irin wannan labari daga jihohi da yawa, a hunturun nan kuwa masu kiwo na Amurka suka yi hasarar wajen kashi ɗaya cikin uku na gidajen zumarsu. A 2007 aka raɗa wa abin suna, ma'anarsa rushewar gidan zuma.

Da yake ba a ga gawa ba, kowa ya kawo nasa zato. Har waɗansu suka ɗora laifin a kan wayar hannu, maganar da ba ta tabbata ba. Da masana suka daɗe suna bincike sai suka ga hannu da yawa ne cikin abin. Akwai wata kaska 'yar mitsitsiya, ja, ana ce da ita barowa, wadda asalinta a jikin zumar ƙasashen Asiya take. Ta shiga Amurka a 1987. Takan manne wa ƙuda ta tsotse shi, ta kuma sa masa cututtuka. Akwai magungunan feshi dangin nikotin, watau dafin nan da ke cikin ganyen taba, waɗanda sukan bi jikin shuka har su kai ga fure. Ko ba su kashe ƙuda nan take ba, sukan rikita shi ya kasa gane hanyar gida. Akwai kuma yunwa da gajiya, gama kowane watan Fabrairu akan ɗora amyoyi wajen miliyan 2 a kan manyan motoci zuwa gonakin almon na Kalifoniya, inda ƙudan ba ya samun kome sai fure iri ɗaya. A 2013 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da uku daga cikin magungunan nan, a 2018 ta hana fesa su a fili ɗungum. Duk da haka masifar ba ta ƙare ba. Daga tsakiyar 2024 zuwa farkon 2025 manyan masu kiwo na Amurka sun yi hasarar wajen kashi 60 cikin 100, aka kuwa alaƙanta wannan da cututtukan da kaskar nan take yaɗawa bayan ta daina jin magani.

Sai dai in faɗi wata gaskiya a nan, domin kada mai karatu ya ɗauka zuma ta kusa ƙarewa a duniya. A Amurka lalle ta ragu, daga amyoyi kusan miliyan 6 a 1947 zuwa wajen miliyan 2 da rabi a shekarun da ake wannan kuka. Amma bisa ga lissafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amyoyin da ake kiwo a duniya duka sun ninka wajen sau biyu daga 1961 zuwa 2021, yawanci saboda ƙasashen Asiya. Zumar da take da mai ita, in ta mutu yakan raba wata amya ya mayar da gurbinta. Wadda take jeji, cikin kogon itace, ba mai ƙirga ta, ba kuma mai mayar da ita.

To, gidan da aka tarar da abinci a ajiye, masu gida kuwa sun ɓace, abu ne mai taɓa zuciya, shi ya sa masu zane da masu sassaƙa suka kama shi. Wani mutumin Sulobakiya mai zama a ƙasar Holan, Tomáš Libertíny, ya yi firam mai siffar tulun furanni, ya sa cikin amya, ƙudan zuma wajen 40,000 suka gina saƙa a kansa cikin mako guda har ya zama tulu na kaki zalla. An nuna shi a 2007, wani babban gidan adana zane na birnin Niyok kuma ya karɓi irinsa. Ginin da yaron nan ya nuna mini kuwa aikin Wolfgang Buttress ne, mutumin Ingila. An yi shi domin bajekolin duniya na birnin Milan a 2015, aka kawo shi lambun Kew na Landan a 2016. Tsayinsa mita 17, an harhaɗa shi da gutsattsarin alminiyam wajen 170,000, da fitilu 1,000. An haɗa shi da wata amya ta gaske ta wurin na'ura mai jin motsi, sa'ad da ƙudan suka yi ta kai da kawowa sai fitilun su ƙara haske, amo kuma ya tashi. Mutum yakan tsaya a ciki kamar shi ma ɗan gidan ne. Akwai kuma Matt Willey na Amurka, wanda tun 2015 ya ɗauki alkawarin zana ƙudan zuma 50,000 da hannunsa a jikin bangaye ko'ina cikin duniya, gama wannan ne adadin da akan samu cikin amya mai lafiya. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma. Ƙasar Sulobeniya ce ta kawo shawarar, mutanenta kuwa tun wajen 1758 suke zana labaran Littafi Mai Tsarki da na ban dariya a kan allunan gaban amyoyinsu.

Ni ban raina waɗannan ayyuka ba. Sun sa mutanen birni, waɗanda ba su taɓa shan harbi ba, sun tsaya sun yi tambaya. Amma na lura da wani abu. Tsoffin zane na duniya sukan nuna mutum yana ɗiban zuma. A wani kogo kusa da Bikof a ƙasar Sifen akwai hoton mutum a kan igiya, hannunsa cikin rami, ƙudan na kewaye da shi, shekarunsa wajen 8,000. A duwatsun Matobo na Zimbabuwe akwai na wani riƙe da wuta yana yi musu hayaƙi. A Masar, cikin haikalin sarki Niyusere, wajen shekara 2,400 kafin haihuwar Almasihu, an sassaƙa masu kiwo suna ɗura zuma a tuluna. Duk waɗannan zane ne na mai ci ya ƙoshi. Na zamaninmu kuwa na mai makoki ne.

Yanzu bari in juyo gida, gama nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. A ƙasashenmu na yamma, ƙudan zuma ya shiga aikin hannu ta wata ƙofa dabam. Shi ne yake ba maƙeri kayan aiki. Duk wanda ya taɓa ganin hoton kawunan Ife, waɗanda aka tono a 1938, ko tagullar Binin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, ko abin wuyan nan na azurfa da maƙeran Buzaye suke yi wanda Turawa ke kira giciyen Agadas, to, ya ga abin da aka fara yinsa da kaki kafin ya zama ƙarfe.

Ga yadda ake yi. Maƙeri yakan tace kakin zuma, ya ɗumama shi, ya murza a kan allo mai santsi har ya zama sili-sili kamar zare. Da wannan zaren da gutsattsarin kaki yake gina siffar abin da yake so, ko tsuntsu, ko kada, ko mutum riƙe da bindiga, ya kuma liƙa masa wani sanda na kaki wanda zai zama hanya. Sa'an nan ya shafe shi da ruwan yumɓu mai laushi gauraye da garin gawayi, ya bari ya bushe, ya sake shafawa, har sau da dama. Bayan haka ya lulluɓe shi da yumɓu mai kauri. In ya gasa, kakin yakan narke ya fita, ya bar rami a ciki daidai da siffarsa, har zanen yatsan maƙerin. Maƙeran Asante sukan ɗaura 'yar kasko cike da gutsattsarin tagulla a bakin hanyar nan, su rufe duka da yumɓu, su sa a wuta suna zuga. Sa'ad da ƙarfen ya narke sai su juya abin a kife, ruwan tagulla ya gangara ya cika gurbin da kaki ya bari. In ya huce a fasa yumɓun. Saboda haka ba a zubi biyu da mazubi ɗaya. Kowane abu sai an sāke gina shi da sabon kaki, kaki kuwa ba inda yake fitowa sai jikin ƙudan zuma, wanda yakan sha zuma mai yawan gaske kafin ya fitar da kaki kaɗan.

Da wannan dabara aka yi ma'aunan zinariya na mutanen Akan, tun wajen 1400 har wajen 1900. A lokacin garin zinariya shi ne kuɗi, kowane ɗan kasuwa yana da jakarsa ta ma'auni da sikeli da cokali. Tushen awon kuwa daga arewa ya zo, ta hannun fataken Wangarawa da suke zuwa Bego, cikinsu har da miskali, mai nauyin wajen giram 4 da rabi, kalmar da take cikin bakin Hausawa har wa yau. Timothy Garrard, wanda ya yi aikin shari'a a ƙasar nan, ya auna dubbansu ya rubuta littafi a kansu a 1980. Na fari ba su da siffar kome sai zane-zane. Daga baya aka shiga yin mutane da dabbobi, kowanne da karin maganarsa. Wani lokaci ma maƙeri ba ya wahalar da kansa, sai ya kama ƙwaro, ko ya ɗauki kwanson gyaɗa ko ƙafar kaguwa, ya liƙa masa hanyar kaki, ya lulluɓe da yumɓu ya ƙone, tagulla ta maye gurbinsa. Bature Thomas Bowdich, da ya sauka Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi 'yan arewa a fada, ya kuma ga maƙeran zinariya suna murza kakin zuma a gefen wuta, ya bayyana aikin cikin littafinsa na 1819. Kayan zinariya da sojan Ingila suka kwasa daga fadar Kumasi a 1874, waɗanda aka dawo da kaɗan daga cikinsu fadar Manhiya a 2024, waɗansu kyauta waɗansu kuwa aro, da yawansu haka aka zuba su.

Mai karatu ya yi tunanin yawan amyoyi da kogunan itatuwa da aka ɗebo cikin shekara 500 domin wannan aiki. Ba a rubuta sunan mai ɗiban zuma ko ɗaya ba. Gidajen tarihi sukan rubuta tagulla ko zinariya a ƙarƙashin abin, su ambaci sarkin da aka yi wa, ba ruwansu da wanda ya hau itace da dare. Sana'ar ba ta mutu ba. A Kurofoforom kusa da Kumasi ana zubin tagulla har yanzu, da tsoffin kawunan famfo da makullai, ana yin duwatsun wuya da 'yan gumaka da akan sayar wa baƙi a nan Ankara. Mu ma a ikilisiya muna da namu rabo, gama tsohuwar ƙa'ida ita ce babban kyandir na daren Ista ya zama na kakin zuma, waƙar da akan rera a kansa ma ta ambaci ƙudan. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa suna da sura sukutum da sunansa, ta 16 cikin Alkur'ani.

To, yaya zumar tamu take? Kaskar nan ta iso Afirka ta Kudu a 1997, ta bazu har ƙasashenmu, amma zumar Afirka ta fi ta Turai jure mata. Faɗan nan nata da muke kuka da shi, da saurin tashi ta bar gida in an dame ta, da ƙwazon share ɗakinta, sun taimake ta. Zuma ga zaƙi ga harbi, in ji Hausawa, ashe har harbin yana da rana. Abin da yake cin ta a wurinmu kuwa a fili yake, kowa yana gani da idonsa.

Na farko wuta ce. Sa'ad da nake yaro a ƙasar Bawku na bi manya ɗiban zuma da dare. Akan kunna damin ciyawa a cusa cikin kogo, ƙudan su yi ta zuba ƙasa a ƙone, a kwashe saƙar duka, da mai zuma da mai 'ya'ya. Da safe ƙasa baƙi ƙirin da gawa. Mu yara murna muke yi. Bahaushe mai amya ya fi wannan dabara, gama yakan saƙa amyarsa da ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗaura a kan ɗorawa ko tsamiya, zuma ta shigo da kanta. Amma shi ma in hannunsa ya yi nauyi da wuta ran ɗiba, gidan ba ya tashi. Wannan ne ya sa cibiyar ba da shawara kan fasaha ta jami'ar Kumasi ta shiga koya wa manoma amya ta katako mai sanduna a sama, irin wadda aka fara a Kenya, inda mutum zai ɗaga saƙa ɗaya ɗaya ya ɗauki mai zuma ya bar mai 'ya'ya. Stephen Adjare na wannan cibiya ya rubuta littafin koyarwa a 1984, ya kuma rubuta wa hukumar abinci ta duniya wani a 1990. Wanda ya yi wannan aiki ya cancanci a san sunansa a zango.

Na biyu itatuwa. Madobiya takan yi fure rawaya da rani, sa'ad da ta zubar da ganye, lokacin da zuma ba ta da abinci da yawa. Ita ce aka yi ta sarewa a arewacin Gana ana lodawa zuwa ƙasar Sin domin kujeru da gadaje. Gwamnati ta hana a 2012, aka ɗage, aka sāke hanawa, har zuwa hanin 2019, a 2017 kuma aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta sa wa ido. Hani bisa hani alama ce ta cewa na fari bai kama ba. Kaɗanya kuma tana tafiya cikin buhunan gawayi, gawayin da mu a Mamobi muke dafa tuwo da shi, ni ma da shi ake dafa nawa. Kaɗanya kuwa ƙudan zuma ne yake ɗaukar mata garin fure daga wannan zuwa wancan, in ya yi ƙaranci 'ya'yanta ma sukan ragu. Matar da take tsintar ƙwara a Walewale da mai sayar da man kaɗe a Nima duk abin ya shafe su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Na uku feshi. A 2001 gwamnati ta fara feshin gonakin koko kyauta domin kashe ƙwarin da ke ɓata shi, biyu daga cikin magunguna ukun nan da Turai ta hana kuwa suna cikin waɗanda aka yi ta amfani da su. Manomin koko yana da hujjarsa, gama ƙwarin gaske ne, kuɗin makarantar 'ya'yansa kuma a jikin itacen yake. Amma maganin bai san ƙwaro mai ɓarna da mai amfani ba. A Abrafo, kusa da dajin Kakum, Farfesa Peter Kwapong na jami'ar Kef Kos ya kafa wurin kiwon ƙananan ƙudan zuma marasa harbi, inda 'yan makaranta sukan je su gani, su kuma waɗannan ƙanana sun fi saurin mutuwa in an taɓa dajinsu.

Samarinmu na Nima sun iya fenti. Ƙungiyar da suka sa wa suna da kalmarmu ta muhimmanci, da irin su Mohammed Awudu, sun mai da bangayen unguwa abin kallo, sun kuma kai sunan zango bikin Chale Wote da ake yi tun 2011. In wata rana ɗayansu ya ga hoton aikin Willey ya yi sha'awar zana ƙudan zuma a bangon Mamobi, roƙona gare shi kada ya kwaikwayi amya ta Amurka wadda ba a san inda masu ita suka tafi ba. Ya zana kututturen madobiya, da buhun gawayi, da damin wuta a bakin kogo. Ya sa maƙeri a gefe yana murza zaren kaki, gama wannan tarihin namu ne, yaranmu kuwa ba su san shi ba.

Da na koma wurin dattijon nan ran Larabar da ta biyo, na tambaye shi abin da yake yi da saƙar in ya matse zuma. Ya yi dariya ya ce yara sukan tauna su tofar, sauran a zubar bayan gida, wa zai sayi tofi? Na gaya masa akwai masu zubin tagulla kusa da Kumasi, da masu rinin zane, da masu man shafawa, waɗanda kaki yake musu amfani. Na kwatanta masa yadda zai sa saƙar cikin tsumma, ya dafa a ruwan zafi ba tare da ya bari ya tafasa ƙwarai ba, ya matse, ya bar kakin ya daskare a bisa ruwan. Ya yi shiru yana lissafi da yatsunsa, sa'an nan ya ce in ya dawo bayan ɗiban watan Maris zai kawo mini curi guda in gani ko ya yi daidai.